Kafin ka sayi filasma don buga gem

Shagunan gem sun zama sana'a a Abakpa da maƙwabciyarta Unguwar Shanu. Da yamma za ka tarar da samari sun yi cincirindo a gaban talabijin uku ko huɗu, ana fafatawa a wasan ƙwallon FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun shekarar 2023. Mafi yawan masu waɗannan shaguna matasa ne da suka tara jari da guminsu. Akwai kuma ɗaliban da ke son allo guda ya yi musu karatu da rana, ya yi musu wasa da dare. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kayan lantarki na waje suka yi tashin gwauron zabo. Kuskure ɗaya a wajen saye na iya cinye tanadin shekara, shi ya sa batun ya cancanci wannan fili.

Mu fara da suna. Duk talabijin na bango filasma muke ce masa, alhali Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera ainihin filasma tun 2014. Sababbin da suka cika shagunan titin Ahmadu Bello da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi galibinsu LED ne. Saboda haka duk wanda ya nuna maka filasma ta gaske a cikin kwancen Turai, tsohuwa ce da ta haura shekara goma. Launinta na da kyau, amma hoton da ya daɗe a wuri guda, irin allon sakamakon wasa da ke kusurwa, yakan bar mata tabo. Ga ta da cin wuta: mai inci 42 takan zuƙi sama da wat 200, LED mai inci 43 kuwa ba kasafai take kai 80 ba. A ce bambancin wat 150 ne, ana kunna ta awa 8 a kullum, yunit 36 ke nan a wata. A farashin Naira 225 da hukumar NERC ta sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, shago mai talabijin huɗu zai ƙara biyan Naira 32,400 duk wata. Wanda ya dogara da janareta ko sola, lissafinsa ya fi haka ɗaci.

Abu na biyu, daidai ruwa daidai tsaki. PlayStation 4 ta asali, wadda ta fito a 2013 kuma ta fi yawa a shagunanmu, hotonta bai wuce 1080p ba. Saya mata talabijin mai 4K da 120Hz biyan kuɗin abin da ba za ta iya amfani da shi ba ne. Wannan sai PlayStation 5 ta 2020 ko kwamfuta mai ƙarfi, ta kafar HDMI 2.1. A ɗaya ɓangaren, da yawa daga masu inci 32 masu araha 1366 da 768 kawai suke nunawa. Ɗalibin da ya haɗa kwamfutarsa da irin wannan zai ga rubutu ya yi dishi-dishi. Ga mai ƙaramin ƙarfi, inci 40 zuwa 43 mai cikakken 1080p da 60Hz ya wadatar.

Abu na uku shi ne wanda ba a rubuta shi a jikin kwali: jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa a allo. Talabijin kan tsaya gyara hoto kafin ya nuna shi, a wasu har kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Mai kallon fim ba zai lura ba, amma ga mai bugun fenariti ya isa ya ɓata wasa. Maganinsa tsarin Game Mode, wanda ke kashe wannan kwalliya ya rage jinkirin ƙwarai. Talabijin da ba shi da wannan tsari bai dace da gem ba, komai girmansa. A kuma yi hattara da manyan lambobin gudun hoto da ake mannawa don talla, domin sau da yawa allon 60Hz ne a ƙarƙashinsu.

Ba a cinikin biri a sama. Ka tafi kasuwa da na'urarka da wayar HDMI, a kunna a gabanka, ka buga wasa na minti goma. Ka sa hoto fari fat, sannan baƙi ƙirin, don ɗigo ko layi ya bayyana. Ka gwada lambar da ke bayan talabijin da wadda ke cikin saitinsa, saboda jabu masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni sun yi yawa. Ka karɓi rasit da takardar garanti. Daga cikin kuɗin kuma ka ware na situbilaiza da abin kariya daga dawowar wuta da ƙarfi, ko da hakan zai sa ka rage inci. Talabijin mai inci 40 da ya shekara biyar yana aiki ya fi mai inci 55 da ya ƙone a damina ta farko.