Yaron da ya mutu a asibiti gwamnatoci biyu na musu kan wa zai biya

Duk sanda aka ambaci Kanada a majalisarmu, hira ba ta wuce biza, karatu da asibiti kyauta. Ni kuwa yau ina so in kai ku wani gefen ƙasar da ba a cika nuna wa baƙo ba, wato halin da 'ya'yan mutanen asalin ƙasar suke ciki, waɗanda Turawa suka tarar a wurin.

Bari in fara da Jordan River Anderson, ɗan ƙabilar Cree daga Norway House a lardin Manitoba. An haife shi a 1999 da wata lalura ta tsoka, aka kwantar da shi a asibitin yara na birnin Winnipeg. Da ya kai kimanin shekara biyu, likitoci suka ce zai iya barin asibiti ya koma wani gida da aka tanada don kula da shi. Sai rigima ta tashi. Gwamnatin tarayya ta ce kuɗin kulawar na lardi ne, lardi ya ce a'a, yaron ɗan ƙabilun asali ne, don haka nauyin tarayya ne. Sama da shekara biyu ana wannan musu, har yaron ya rasu a 2005 yana da shekara biyar, bai taɓa kwana a gidan iyali ba. Da ɗan Bature ne a wannan gado, lardi zai biya ba tare da wata magana ba.

Mutuwarsa ta haifar da abin da ake kira Ƙa'idar Jordan, wadda majalisar wakilan ƙasar ta amince da ita baki ɗaya a Disambar 2007. Ma'anarta a taƙaice: hukumar da aka fara kai wa buƙatar yaro ita za ta biya nan take, in ya so daga baya a zauna a yi lissafin wanda ya kamata ya ɗauki kuɗin.

To amma amincewa daban, aiki daban. A 2007 ɗin ne Cindy Blackstock da ƙungiyarta, tare da babbar majalisar shugabannin ƙabilun, suka kai gwamnatin tarayya ƙara. Shekara tara aka yi ana fafatawa kafin kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke hukunci a Janairun 2016 cewa gwamnati na nuna wa waɗannan yara wariya. Abin da ya fi ɗaure mini kai a hukuncin shi ne yadda tsarin kuɗin yake a lokacin. In an cire yaro daga hannun iyayensa an kai shi riƙo, gwamnati na biyan kuɗin riƙon. In kuwa taimaka wa iyayen za a yi don yaron ya zauna a gida, kuɗin kaɗan ne. Ka ga kenan talauci da gidan da ke yoyo sai a rubuta su a takarda da sunan sakaci, a ɗauke yaro.

Ga sakamakon. Ƙidayar 2021 ta nuna 'ya'yan mutanen asali kashi 7.7 cikin ɗari ne na yaran ƙasar 'yan shekara 14 zuwa ƙasa, amma su ne kashi 53.8 na yaran da ke hannun riƙo. Wannan ba sabon ciwo ba ne. Yara kimanin 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, inda ake hana su harshensu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe. Shi ya sa hukumar bincike da sulhu, a shawarwari 94 da ta bayar a 2015, ta sa batun riƙon yara a biyar na farko.

Ba zan ce ba a yi komai ba. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2020 ta ba al'ummomin ikon tsara kula da 'ya'yansu da kansu, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da ita a Fabrairun 2024 bayan lardin Quebec ya ƙalubalance ta. A 2023 kotu ta amince da diyyar sama da dalar Kanada biliyan 23. Sai dai a Oktoban 2024 shugabannin ƙabilun suka ƙi tayin biliyan 47.8 na gyaran tsarin, da yawansu na cewa yarjejeniyar ta shekara goma ce kawai, kuma ba a sa su a ciki yadda ya kamata ba. Wasu sun ce ai an yi asarar maƙudan kuɗi. Ni ina ganin hujjarsu: wanda aka sha yi wa alkawari ana saɓawa, dole ya tambayi abin da zai faru a shekara ta sha ɗaya. Ita kanta Ƙa'idar Jordan, buƙatun da suka taru ba a duba ba sun haura dubu ɗari a ƙarshen 2024. Yaron da ke jiran keken guragu ko likitan magana ba ya daina girma don takardarsa na kan layi.

'Yan uwa, labarinsu ba irin namu ba ne. Su 'yan ƙasa ne da aka danne a ƙasarsu, mu kuwa a Sabon Ibadan ko Agege ana kiranmu baƙi ko da kakanninmu nan aka binne su. Amma musun wa zai ɗauki nauyin yaro mun san shi sarai. Mun ga yadda a 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu na asali. Mun kuma san yaron da aka haifa a Kudu, aka ce sai ya kawo takardar shaidar asali daga garin da bai taɓa takawa ba kafin ya samu tallafin karatu.

Saboda haka in sarakunan Hausawanmu da ƙungiyoyinmu za su zauna da 'yan takara, ina ganin akwai buƙata ɗaya da ta cancanci a sa a gaba, a kuma nemi a rubuta ta: duk yaron da ke zaune a jiha, hukumar da ya fara zuwa ta yi masa magani ko ta ba shi gurbin karatu, maganar asali a yi ta daga baya. A Kanada sai da yaro ya mutu aka rubuta wannan, kuma har yau ana shari'a kan cika shi. Gara mu fara neman namu tun yanzu.