Macintosh ta fi kyau, amma Windows ce ta iso kasuwarmu

Rubutuna na wannan makon ya samo asali ne daga wani filash da wani dattijo a ƙungiyarmu ya miƙo mini ranar Alhamis, ana tsakiyar cin kasuwar Shinkafi. Littafinsa ne a ciki, wanda aka buga masa a wani shagon kwamfuta shekaru da dama da suka wuce, yana so in taimaka a riƙa sa shi a Facebook babi-babi. Na buɗe, sai na ga "wa]anda" a wurin "waɗanda", "}asa" a wurin "ƙasa", "~arawo" a wurin "ɓarawo". Shafi sama da ɗari biyu, duk haka. Dattijon ya zaci cuta ce ta kama filash ɗin. Ba cuta ba ce, tarihi ne ya biyo mu, kuma tarihin ya faro tun kafin a haife ni.

A farkon shekarun 1980, mai kwamfuta baƙin allo yake kallo. Manhajar MS-DOS ba ta san linzami ba, sai ka haddace umarni da Turanci ka rubuta, in ka kuskure harafi ɗaya ta ƙi ka. Kamfanin Xerox ya fito da Star a 1981 mai tagogi da 'yan hotuna da ake dannawa, amma kuɗinta ya haura dala 16,000, ofisoshi ƙalilan suka saya. Apple ta biyo da Lisa a 1983 kan dala 9,995, ita ma ba ta yi kasuwa ba. Sai a Janairun 1984 Macintosh ta fito kan dala 2,495, tare da MacWrite na rubutu da MacPaint na zane.

A ganina, in marubuci ne alƙali, Macintosh ce ta ci wancan zagayen ba tare da gardama ba. Abin da ka gani a allo shi za ka gani a takarda. Kana iya canza girman harafi, ka karkata shi, ka kaurara shi, idonka na gani. Da PageMaker da firintar LaserWriter suka zo a 1985, mutum ɗaya a ɗaki ɗaya ya iya tsara shafin littafi wanda a da sai maɗaba'a mai ma'aikata.

Windows 1.0 kuwa, da ta fito a Nuwamban 1985 kan dala 99, abin tausayi ce. Riga ce kawai aka ɗora wa DOS, tagoginta ma ba sa hawa kan juna, jere suke kamar bulo. A shekarar kuma akwai GEM a kan Atari ST, akwai Amiga wadda ke gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda tun Windows ba ta iya haka da kyau ba. Masu son Amiga har yau suna jin haushi, kuma suna da gaskiya. Kamfanin Commodore da ke yin ta ya karye a 1994.

To me ya sa wadda ta fi rauni ta yi nasara? Saboda Apple ta ɗaure manhajarta a jikin na'urarta, in kana so sai ka sayi duka biyun a farashinta. Microsoft kuwa ta bar Windows ta hau duk wata kwamfuta mai bin tsarin IBM, ko wane ne ya haɗa ta. Apple ta kai ƙara kotu a 1988 tana cewa an kwaikwayi kamannin manhajarta, ba ta yi nasara ba. Windows 3.0 ta zo a 1990, 3.1 a 1992, sannan Windows 95. Kwamfutocin da suka tsufa a ofisoshin Turai da Amurka, aka loda su a kwantena zuwa Legas, aka haura da su Kano, Windows ce a cikinsu. Mai gyara ya san ta, kayan gyaranta na kasuwa, in ta lalace a Kaura Namoda ba sai an je Abuja ba. Ni ma da ita na koyi kama linzami lokacin da nake karatun difloma, kuma ban taɓa ganin Macintosh ido da ido ba sai a hannun wani mai haɗa fim.

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Tsofaffin manhajojin nan, har da Macintosh ɗin da nake yabo, gurbi 256 kawai suke da shi na haruffa da alamomi, kuma ba a bar wa ɓ da ɗ da ƙ ko gurbi ɗaya ba. Amma allo mai hotuna zana harafi yake yi, don haka wanda ya iya sai ya canza zanen. Windows 3.1 ta shigo da tsarin haruffa na TrueType, wanda abin mamaki Apple ce ta ƙirƙiro shi, kuma hakan ya sauƙaƙa wa mutane yin nasu zubin haruffan. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin haruffa masu lanƙwasa na Hausa, wanda marubuta suka fi sani da Rabi'at. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafinmu a ciki. Ka danna }, ido ya ga ƙ. Allah Ya saka masa da alheri, littattafai da kundayen digiri marasa adadi sun fita da ƙa'ida ta wannan hanyar, a lokacin da wasu ke bin takarda da biro suna lanƙwasa k da hannu.

Sai dai kwamfutar ba ta taɓa sanin ƙ aka rubuta ba. A wurinta } ce sanye da rigar aro. Ranar da rubutun ya bar na'urar da ke da Rabi'at ya shiga waya ko Facebook, sai rigar ta faɗi. Abin da ya sami littafin dattijonmu ke nan.

Na san akwai waɗanda za su ce mini a ƙasa, ai Rabi'at ta fi kyau a takarda, kuma masu ɗab'i da yawa har yanzu ita suke nema. Ban musa ba. Amma Macintosh ma ta fi kyau. Masu karatunmu yanzu a waya suke, a WhatsApp da Wattpad da Facebook, kuma tsarin da ke isa can shi ne Unicode, wanda aka fara fitarwa tun 1991, inda ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne ke da lambarsa ta kansa, ba aro ba. Gboard na da Hausa, Windows ta yanzu ma na da allon madannai na Hausa a cikinta, kunna shi kawai ake yi. Wanda ya rubuta littafinsa da Unicode, in mai ɗab'i ya nace sai Rabi'at, mayarwa aikin mintuna ne, kuma asalin rubutun na nan lafiya a hannunsa.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu cewa tunda abin da wahala a bar lanƙwasar gaba ɗaya, mai karatu zai gane. Wani lokaci ya gane, wani lokaci kuma ya tsaya yana lalube ko "kafa" aka yi nufi ko "ƙafa", ko "dauri" ko "ɗauri". A 1992 wannan uzuri ne. Yau danna harafi ne ka ɗan riƙe shi.

Littafin dattijon kuwa, na bi shi da umarnin nemo-ka-musanya na Word, alama shida, manya da ƙanana. Inda na sha wuya shi ne wuraren da ya yi amfani da baka-biyu na gaskiya a cikin rubutun, don su ma sun rikiɗe sun zama ɗ, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na kai babi na bakwai. Wanda ke da irin wannan fayil ɗin a ajiye, ya yi kwafinsa tukuna kafin ya taɓa komai.