Taya Ba Rowa Ba Ce: Tsokaci Kan Cinikin Motar Alfarma a Birnin Kano

Sanin kowa ne cewa ba a koya wa Bakano ciniki. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, saye da sayarwa ya zama jinin jikin mutanen birni. Yaron da ya tashi a Ƙoƙi ko Bakin Zuwo ko Jakara, kafin ya haɗa izu goma ya riga ya san yadda ake taya da yadda ake cewa albarka. To, amma akwai wani abin mamaki. Attajirin da ba ya sayen ƙwaryar goro ko turmin atamfa sai ya ja ciniki, shi ne kuma idan ya fita wajen ganuwa ya shiga kamfanin sayar da motoci sai harshensa ya yi nauyi. A yanka masa kuɗin da zai gina makarantar Islamiyya guda, ya ce a kai motar gida, ko sisi bai nemi ragi ba. Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce a nuna cewa wannan shirun asara ne da aka lulluɓe da rigar girma, kuma tsarin cinikin da aka gada a Kurmi ya wadatar wajen samun farashi na adalci ko da a kan Marsandi ce sabuwa fil.

Tsarin cinikin Kurmi

Kafin zuwan mota, doki ne abin hawan alfarma, kuma babu basarake ko attajirin da ke ganin ƙasƙanci ne a yi cinikinsa. Akan buɗe bakin dokin a dubi haƙora don a san shekarunsa, a ɗaga kofato, a shafa gadon baya, a sa yaro ya hau ya yi sukuwa. Sai an gama wannan duka sannan a zo maganar kuɗi. Mai saye ya taya, mai doki ya ce albarka, a ƙara, a ja, har a zo inda za a ce an sallama. Dillali yana tsakani, la'adarsa kuwa sananniya ce, ba a ɓoye take ba.

Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, ya zo Kano a 1824, ya kuma bayyana abin da ya gani a kasuwar. Ya nuna cewa akan rubuta sunan dillali a sa cikin ƙunshin riga ko turkudi. Idan aka kai kayan har Barno aka kwance aka tarar ba su kai yadda aka faɗa ba, sai a komo da su, dillalin ya nemo mai kayan, a tilasta masa mayar da kuɗi. Wato ke nan abin da ake kira garanti a yau, Kanawa sun san shi shekara ɗari biyu da suka wuce. Ginshiƙan wannan tsari uku ne: a san haja ciki da bai, a san wanda zai ɗauki alhaki in an sami aibi, sannan a ja farashi a fili.

Malaman Malikiyya ma, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Madabo, sun rarrabe nau'o'in ciniki. Akwai musawama, wato cinikin taya. Akwai muzayada, wato gwanjo. Akwai murabaha, inda mai kaya ke faɗin asalin abin da ya sayo sannan a daidaita kan riba. Akwai kuma istirsali, inda mai saye ke miƙa wuya ya ce a sayar masa yadda ake sayar wa mutane. Sun haramta najashi, wato mutum ya ƙara taya ba da nufin saye ba sai don ya zuga wani, sun kuma haramta ɓoye aibin kaya. Attajirin da ya shiga kamfani ya yi shiru ya zaɓi nau'i na huɗu ne, ya rataya dukiyarsa gaba ɗaya a kan tsoron Allah na wanda bai sani ba.

Inda aka sami tangarɗa

Wannan nauyin baki yana da tarihi. Manyan kamfanonin da suka daɗe suna sayar da mota a Nijeriya, irin su Leventis mai Mercedes-Benz, da SCOA mai Peugeot, da Mandilas mai Volkswagen, da R.T. Briscoe mai Toyota, sun zo da tsarin kanti: farashi a takarda, akawu a bayan tebur, magana cikin Turanci. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas, a wannan shekarar kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas. Kuɗi suka yi yawa a hannu, masu neman mota suka fi motocin yawa. Dokar ƙayyade farashi ta 1977 ta sa mota cikin kayan da hukuma ke yanke wa kuɗi, amma samun motar a kan kuɗin hukuma sai da hanya. Mai saye ya koma mai roƙo, ya rubuta suna ya jira, in ta samu ya yi godiya. Wanda ke roƙo kuwa ba ya taya.

Zamanin nan ya wuce. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar Naira, motocin hannu da ake kira 'yan Kwatano suka cika gari, dilolin mota suka yawaita. Yanzu mai motar alfarma ne ke neman mai saye, domin masu iya sayenta ƙalilan ne, kuma duk ranar da ta ƙara kwana a ɗakin baje koli jarinsa ne ke kwance. Yanayi ya juya, amma ɗabi'ar da aka koya a zamanin ƙarancin mota ta zauna daram.

Daɗin daɗawa, akwai kunya da son a sani. Mai sayarwa ya san lagon mutumin birni sarai. Da ya ga Alhaji ya shigo da 'yan rakiya sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai irinku ba a yi muku maganar kuɗi. Irin wannan guda biyu ce kawai ta shigo, ɗayar wane ne ya ɗauka." Da jin haka an ɗaure Alhaji da jijiyar wuyansa, domin in ya taya a gaban yaransa gani yake za a ce ƙarfinsa bai kai ba. Ita kuwa kunyar marar kunya asara ce.

Abin da ke cikin farashi

Ba a iya taya abin da ba a san tushen kuɗinsa ba. Farashin sabuwar mota tarin abubuwa ne da aka dunƙule: kuɗinta a masana'anta, kuɗin jirgin ruwa da inshora, kuɗin fito na kwastan, ɗawainiyar tashar jirgin ruwa, harajin VAT wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a 2020, kuɗin kawo ta Kano, sannan ribar kamfani da la'adar dillali. Wasu daga ciki ba sa motsi, amma riba da la'ada da kayan ƙawa da ake liƙa wa motar duk abin tattaunawa ne. Harajin ma yakan canja. Manufar motoci ta 2013 ta ɗora kashi 70 cikin 100 a kan motar da aka shigo da ita a haɗe, daga baya aka yi ta sauya adadin. Saboda haka tambayar shekarar da motar ta shigo, da abin da aka biya a kanta, tambaya ce mai ma'ana.

Babban abin da ke juya farashi shi ne canji. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja. Bayan an saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yuni na 2023, sai da Dala ta haura Naira 1,500 a 2024. Dila yakan kafa hujja da tashin Dala ya ƙara kuɗin motar da ya shigo da ita tun kafin tashin, yana cewa da sabon canji zai sayo madadinta. Hujjar tana da ƙanshin gaskiya, amma wanda ya yarda da ita ranar hawa wajibi ne ya yarda da ita ranar sauka. Bakanon da ke iya aikawa Wapa a jiyo masa canjin safiya ba shi da uzurin barin a yi masa lissafi da canjin da babu shi.

Bisa ga haka, mai saye yana da makamai huɗu. Na farko, ya nemi farashi a rubuce, a warware, daga wuri biyu ko uku, har da Kaduna da Abuja da Legas, domin matambayi ba ya ɓata. Na biyu, ya ja ciniki a kan jimillar abin da zai biya har motar ta hau titi, kada a sassauta masa a gaba a ɗora masa a baya da sunan lamba ko inshora ko kuɗin kawowa. Na uku, ya tafi da makanikensa ya duba lambar inji da ta jikin mota su dace da takardun kwastan, ya tabbatar sabuwa ce da garantin masana'anta, domin akwai motar da aka wanke aka sa wa leda. Biyan kuɗi kan hoton motar da aka ce tana kan ruwa kuwa cinikin biri a sama ne. Na huɗu, wanda ya fi duka ƙarfi, shi ne ya iya tashi ya tafi. Mai taya a Kurmi ya san sau da yawa sai ya juya baya ake kiransa a ce kawo kuɗi.

Sai batun dillali. Dillanci sana'a ce mai asali, kuma amintaccen dillali ya fi kuɗin la'adarsa amfani. Ɓarnar tana zuwa ne idan ya karɓi la'ada a hannun mai saye, ya kuma haɗa baki da mai mota aka ɗora wani abu a kan farashi suka raba. Maganinta shi ne a yanke la'ada tun farko, a san wanda zai biya, a kuma biya kuɗin mota kai tsaye ga kamfani a karɓi rasit.

Hujjar masu ƙin taya

Wani zai ce ai mai hali kamata ya yi a ci arzikinsa, ja-in-ja a kan kuɗi ba girmansa ba ne. Amsa ita ce kyauta daban, ciniki daban. Wanda ya sami ragin miliyan biyar ya raba wa marayun unguwarsu ya yi kyauta, ya san wanda ya ba, yana kuma sa ran lada. Wanda aka zare wa miliyan biyar bai sani ba, ba a kiransa mai kyauta, ko a bakin wanda ya zare. Kuma asarar ba ta tsaya a kansa ba. Farashin da ya amsa yau shi za a kafa wa na bayansa hujja da shi gobe, shi ne kuma zai bi motar har kasuwar 'yan hannu. Abin ya fi muni idan da dukiyar jama'a ake sayen, inda rashin taya ke zama ƙofar kashe-mu-raba. Surutun da ya tashi a 2023 kan motocin alfarma da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya ya nuna talaka ma yana lura.

Wani kuma zai ce farashi ɗaya tak shi ne wayewa, taya al'adar ƙauye ce. To, a Amurka, tun 1958 doka ta tilasta a manna wa kowace sabuwar mota takarda a gilashi mai nuna farashin da masana'anta ta ba da shawara, da kuɗin kayan ƙari, da na dako. Duk da haka Amurkawa suna taya mota, takardar ta zama mafarin magana ne kawai. A nan gida ma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta wajabta bayyana farashin kayan da aka baje. Bayyana farashi da taya ba kishiyoyi ba ne, na farkon ne ke ba na biyun ƙafar tsayawa.

Sai dai adalci yana da fuska biyu. Mai mota yana biyan haya da albashi, jarinsa yana cikin haɗarin canji, kuma yana da haƙƙin riba. Taya ta wulaƙanci, ko kushe haja don a karya mai ita, ko ƙaryar cewa an sami wadda ta fi araha a wani wuri, duk ba sa cikin ladabin Kurmi. Kamfanin da aka matse har ya rasa riba ba zai iya cika alkawarin gyara da kayan gyara ba.

Kammalawa

Farashi na adalci shi ne wanda mai saye ya san abin da ke cikinsa, mai sayarwa ya sami halaliyarsa, dillali ya ci la'adarsa a fili, aka rabu kowa yana iya kallon idon ɗan'uwansa. Dilolin Kano za su ƙaru in suka riƙa warware farashi a takarda, domin don tuwon gobe ake wanke tukunya. Attajiran birni kuwa su tuna kakanninsu sun buɗe bakin doki sun ƙirga haƙora a gaban jama'a, rawaninsu bai faɗi ba. Allah ya sa albarka a kasuwa, amin.