Jarumar Tamu, Ina Ne Garinsu?

A hutun da ya wuce wata ɗalibarmu 'yar Kalgo ta kawo mana rubutunta na farko, labarin yaƙi ne da ya cika littattafan rubutu uku. Tauraruwar budurwa ce mai takobin tsafi, wadda ta karkashe aljanu dubu a Birnin Misra kafin hantsi. Muka ce, "Yarinya, wa ya reni jarumar nan taki? Ranar da ta fara ganin gawa, me ta ji?" Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ai haka ake rubutawa."

Yarinyar ba ta da laifi. Laifin namu ne, mu marubuta, da muka saba musu da jarumar da ba ta da uwa, ba ta da gari, ba ta da ƙuruciya. A shafi na farko an haife ta, a na biyu ta riƙa, a na uku tana sare kawuna. To, ina girman ya shiga? Ai sai an sha wuya akan sha daɗi, mai karatu kuma wuyar yake so ya gani.

Su kuwa masu cewa mace da takobi baƙon abu ne da aka aro daga Turawa, muna roƙonsu su koma tarihi. Sarauniya Amina ta Zazzau ba Baturiya ba ce. A watan Afrilu na 1899, Sarauniya Mangu ta Lugu, kusa da Dogon Dutsi a ƙasar Arewa, ta tari rundunar Faransa ta Kaftin Voulet da mayaƙanta 'yan baka. Abdoulaye Mamani ya mai da labarinta littafi a 1980, Med Hondo ya yi fim ɗinsa a 1986. Mu maƙwabtanta me muka rubuta?

Ga kuma Gwandu a ƙofar gidanmu. A 1805 jama'ar Shehu Usmanu suka sauka a nan, a shekarar ce aka sha kashi a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har bakin gari. A cikin iyalin Shehu akwai 'yar shekara 12, Nana Asma'u, wadda ta riga ta ga hijira da yunwa. Ba ta ɗauki takobi ba, amma ta girma ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis da malfa suna shiga ƙauyuka karantar da mata. Ina marubucin da zai ƙago wata sa'arta, 'yar talakawa mai kai wa mayaƙa ruwa, ya nuna mana tsoronta na daren farko?

Ba aljanu muke yaƙa ba. Bello Kagara ya kai Gandoki ƙasar aljanu tun 1934, amma daga Kwantagora ya ɗauko shi, shi ya sa muka yarda da shi. A sa tsafi, a sa dodanni, amma jarumar ta tashi da furar gero, ta san fadama da duwatsun Gwandu, ta yi kuskure, a yi mata faɗa, ta yi kuka.

Ɗalibarmu ta karɓi littattafanta, mun ce ta fara zuwa wurin kakarta da biro. Sauran mu manya. Allah Ya sa mu gane.