Masu haɗa murya a kwamfuta, ku daina ba mu miya ku zubar da kayanta

Jama'ar Bangi! Yau maganata da matasanmu ne masu haɗa sanarwar aure, tallar albasa, wa'azi da waƙoƙin makaɗa a kwamfuta, daga nan har Madawa da Buza.

Audacity, manhajar nan ta kyauta da ake gyaran murya da ita, tana da ƙofa biyu da mutane ke ɗauka ɗaya ce. Akwai "Enregistrer le projet", akwai "Exporter". Ta farko ajiye aikin take yi yadda yake: muryar mai magana a layinta, kiɗa a layinsa, kamar kayan miya kowane a kwanonsa. Ta biyu kuwa dahuwa ce. Tana haɗe komai ta fitar da MP3 ko WAV, wanda waya da rediyo ke iya kunnawa. To miyar da ta dahu wa ya taɓa tsame mata gishiri?

Ga inda matsalar take. Yaro ya fitar da MP3, ya tura maka ta WhatsApp, ya goge aikin wai don samun wuri. Washegari a ga an yi kuskure a sunan uban amarya, ko an ɗaga ranar ɗaurin aure. Da aikin na nan, minti biyar ya gyara. Yanzu murya ta riga ta cuɗe da kiɗa, sai a sake kiran mai shela, a sake biya. Wani kuma zai buɗe MP3 ɗin ya yanka ya sake fitarwa, alhali MP3 duk fitarwa sai ya zubar da wani abu na sautin, kamar hotokopin hotokopi.

Akwai kuma masu yin akasi, su zuba maka aikin da bai dahu ba a kile, ka je gida waya ta ƙi kunnawa. Kafin 2021 ma abin ya fi muni, don Audacity na raba aiki biyu ne, ɗan ƙaramin fayil da babbar jakar sautinsa. Ka kwashi ƙaramin kaɗai, ka kwashi iska.

Na san za a ce wuri. Gaskiya ne, WAV na iya cin mega 10 a minti guda inda MP3 ke cin kamar 1. Tallar sabulu, a goge, ba wanda zai yi kuka. Amma tsohon da ya zauna ya ba da tarihin garinmu, ko makaɗin da ya yi rana guda yana waƙa, wallahi ba ka da tabbas za ka sake samunsu gaban makirfo.

Kai mai biyan kuɗi, ka ce a ba ka MP3 na turawa, a ba ka WAV na ajiya, aikin kuma a riƙe shi ko da wata guda ne bayan biki. Kai kuma mai kwamfuta, ka riƙa danna ajiya tun kana cikin aiki, ka san halin wutarmu.