Sabuwar Mota da Tsohon Injin Ƙofar Gareji

Duk wanda ya taɓa shiga irin motocin nan da ake kawowa daga Amurka, mai yiwuwa ne ya lura da waɗansu 'yan maɓallai guda uku a jikin madubin duba baya, ko a jikin abin kare hasken rana, da ɗan hoton gida kusa da su. Direbobi da yawa a ƙasar nan sun danna su, ba su ga kome ya motsa ba, suka ƙyale su. To, waɗannan maɓallai rimot ne da aka gina a jikin mota, ana kiransa HomeLink, aikinsa kuwa buɗe ƙofar gareji ba tare da mai mota ya sauko ba. Tun shekarar 2013 kamfanin Gentex na Jihar Mishigan ne ke da shi, bayan ya saye shi daga hannun Johnson Controls.

A can Amurka, inda ƙofar gareji ita ce babbar mashigar gidaje da yawa, ana yawan kokawa da wata matsala guda: mutum ya sayi mota fil, ya dawo gida, ya tarar ba ta jituwa da injin ƙofar da aka kafa tun zamanin mahaifinsa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, maɓallan motar ba su zo da wata lamba tasu ba. Almajirai ne, sai abin da aka biya musu. Malaminsu kuwa shi ne ɗan rimot ɗin hannu wanda ya zo tare da injin ƙofa. Mai gida zai ajiye motar a waje, domin hayaƙin mota a rufaffen ɗaki yana kisa. Sa'an nan ya danne maɓallai biyu na gefe har 'yar fitilar ta soma ƙyaftawa, watau an goge abin da ke ciki ke nan. Daga nan sai ya riƙe rimot ɗin hannu kusa da maɓallan, tazarar da ba ta wuce inci uku ba, ya danna nasa ya danna na motar a lokaci guda, ya yi ta riƙo har ƙyaftawar ta yi sauri. Sau da yawa abin da ke ɓata wannan aiki bai wuce raunin batir ba, gama batirin da ke iya buɗe ƙofa ba lalle ne ya isa ya koyar da mota ba. A Kanada ma akwai ƙarin wahala, don dokar ƙasar ta sa rimot yana yanke saƙonsa bayan ɗan lokaci kaɗan, saboda haka tilas a riƙa sakinsa ana sake dannawa duk bayan daƙiƙa biyu. In rimot ɗin asali ya ɓata, babu makawa sai an nemo wani mai irin zangonsa, domin mota ba ta karatu daga injin kai tsaye.

Injinan da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 lambarsu ɗaya ce, ba ta sakewa. In aka buɗe bayan rimot za a ga jerin ƙananan makunnai, takwas zuwa goma sha biyu, waɗansu sama waɗansu ƙasa, kuma yadda aka jera su ita ce lambar sirrin gidan. Irin waɗannan da zarar mota ta kwaikwayi saƙon, magana ta ƙare. Waɗanda suka biyo baya kuwa lambarsu tana juyawa duk lokacin da aka danna, don haka akwai sauran aiki: a hau tsani a danna maɓallin koyo a jikin injin, a koma mota cikin daƙiƙa 30, a danna nata har sau biyu ko uku. Mutane da yawa sukan sha wahalar neman wannan maɓalli a jikin tsohon injin da ba a taɓa yi masa shi ba.

Zangon rediyo ma yana da nasa rikici. Tsofaffin injinan Amurka suna aiki a kan megahaz 300, ko 310, ko 390. Wajen shekarar 2004 sojojin ƙasar suka soma amfani da sabon tsarin sadarwa kusa da zango na 390, ƙofofin maƙwabtan barikoki suka riƙa ƙin buɗewa, har masu ƙera injina suka karkata zuwa 315. Injinan Turai galibi a kan 433 ko 868 suke, shi ya sa motar da aka yi wa kasuwar Amurka takan kasa jin saƙon ƙofar da aka kawo daga Italiya.

Amma tambayar da ta fi nauyi ita ce ko tsohon injin ya cancanci a wahala a kansa. Sauƙin da mota ke samu wajen kwaikwayon lambarsa, ɓarawo ma yana samunsa. Makunnai takwas lambobi 256 kaɗai suke bayarwa, goma sha biyu kuwa 4,096. A shekarar 2015 wani masanin tsaron na'urori, Samy Kamkar, ya nuna yadda ya sarrafa wani abin wasan yara ya riƙa buɗe irin waɗannan ƙofofi cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Maganin wannan ba shi da tsada: ana sayar da ƙaramin akwatin karɓar saƙo mai lamba mai juyawa, a haɗa wayoyinsa biyu inda maɓallin bango yake shiga, a kashe tsohon, sa'an nan a koya wa mota sabon rimot.

Abin da akwatin nan ba ya gyarawa shi ne haɗarin ƙofar kanta. Bayan yara da dama sun rasa rayukansu a ƙarƙashin ƙofofin gareji, Amurka ta kafa doka cewa duk injin da aka ƙera daga ranar 1 ga Janairun 1993 sai yana da ƙarin kariya, yawanci idanu biyu na lantarki kusa da ƙasa, masu komar da ƙofa sama in wani abu ya gitta. Injin da ya girmi wannan doka, haɗa shi da mota ƙara haɗari ne, tun da direba zai iya rufe ƙofa yana tafiya bai waiwaya ba. Gwajin kuwa kowa na iyawa: a shimfiɗa katako mai kaurin inci ɗaya da rabi a inda ƙofar ke sauka, a danna. In ta taɓa shi ta koma sama, to madalla. In ta tsaya tana matsa shi, sai a cire injin daga wuta a kira makaniki.