Kifin Ado Ya Canza Kala? Ku Duba Ruwa Kafin Ku Sayi Magani



Kifin adon nan mai ruwan gwal, wanda ake kira golfish, yana canza kala, kuma yawanci ba ciwo ba ne, ba kuma algus ɗin mai sayarwa ba. Masu shirin shiga wannan sana'a a Dutse da kewaye, ku riƙe wannan, don a nan kuɗi ke zurarewa.

Asalinsa daga ƙasar Sin ne, kuma kakansa na cikin rafi toka-toka ne. Sama da shekara 1,000 aka yi ana zaɓen masu launi ana haɗa su kafin a samu wannan kalar. Shi ya sa 'ya'yansa ke fitowa da duhu, ruwan ƙasa-ƙasa. Sai bayan watanni, wani har shekara, ruwan gwal ɗin ya bayyana. Wasu ba sa juyawa sam, wasu kuma in sun manyanta su koma fari. Wanda bai sani ba sai ya ware masu duhun tun suna ƙanana ya sayar a wulaƙance, ya bar wa wani ribar.

Jan launin kuma daga abinci kifin yake samunsa. In abincin tarwada kaɗai kake ba shi, wanda aka yi don nama da nauyi, kada ka yi mamaki in ya koɗe. Ɗaki mai duhu ma na koɗar da shi. Masu tarwada sun san irin wannan: na cikin baƙin tamfol sun fi na farin tanki duhu.

Inda nake so ku tashi tsaye shi ne in baƙin tabo ya fito kwatsam a jela ko fiffike, kifin ya rage ci, yana hawowa sama yana haki. Galibi amoniya ce, wadda kashin kifi da ragowar abinci ke tarawa, ta ƙone masa fata. Kifin nan ya fi son ruwa mai digiri 20 zuwa 24, mu kuwa a Dutse zafin Afrilu na haura 40. Ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa na raguwa, dafin amoniya kuma ya ƙaru.

Abin da ba na goyon baya shi ne a ruga a ɗebo maganin kaji a zuba. Kifi dai ba kaza ba ne, kuma babu maganin da ke wanke ƙazamin ruwa. Ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, ka janye tankin daga ranar azahar. In ruwan famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe tukuna. Tabon yakan ɗauki makonni kafin ya goge.